Shekarar da Kasuwar Maradi ta Cika, Tukwane Suka Bushe

A daminar 2005, duk wanda ya shiga Maradi ya ga abu biyu da bai kamata a ce gari ɗaya ya haɗa su ba. A kasuwa buhunan gero da dawa da masara da shinkafa suna jibge, 'yan dako na sauke wasu suna lodin wasu, masu awo na zaune gaban tiyoyinsu suna jiran mai saye. A cikin garin nan dai, a cibiyar ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, mata ne zaune a kan tabarmi ƙarƙashin tantuna, kowace da yaro a cinya. Wani fata ta manne wa ƙashi, wani ƙafafu sun kumbura gashi ya yi ja, wani ko kuka ba ya iya yi. A shekarar kaɗai ƙungiyar ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kuma mafi yawansu daga jihar Maradi suka fito.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a zauna a duba shi ke nan. Maradi ba hamada ba ce. Tana cikin yankin kudu da ke ciyar da ƙasar, ita ce cibiyar kasuwancin Nijar, garin Alhazai, wanda ya yi arziki da gyaɗa tun zamanin Faransawa, da gyaɗa ta mutu a farin shekarun 1970 ya koma fiton kaya zuwa Najeriya. Da a Bilma ko Agadas aka ga yaran nan, da sai a ce ƙasa ce ba ta noma. Amma daga Madarumfa, Gidan Rumji, Tasawa, Mayahi da Agye aka riƙa ɗauko su, ƙauyukan da gero ke fitowa daga gonakinsu.

Labarin da aka fara bai wa duniya shi ne na fari da fari: ruwa ya ɗauke da wuri a daminar 2004, farin ɗango kuma suka sauko daga arewa suka cinye abin da ya rage. Duka biyun sun faru. Sai dai da aka yi lissafin kaka, giɓin hatsin ƙasar bai wuce tan 223,000 ba. Abin da aka noma ya gaza matsakaicin shekaru biyar da suka gabata da kusan kashi 11 cikin 100, kuma fari na rashin ruwa ya fi farin ɗango ɓarna nesa ba kusa ba. Giɓi ne, ba a musu, amma irin wanda Nijar ta saba cikewa daga maƙwabta. A shekarar 2000 an yi kakar da ta fi wannan muni idan aka raba kan kowane mutum, ba a kuma ga tantuna cike da yara haka ba. Inda asarar ta yi tsanani sosai shi ne ciyawa: an ƙiyasta giɓin abincin dabbobi ya haura tan miliyan 4, shi ya sa makiyayan Dakoro da arewacin Tawa suka riga kowa shiga uku.

To in hatsi bai ƙare ba, me ya faru? Farashi ne. Buhun gero mai kilo 100, wanda da kaka ake samunsa wajen jika 10, wato sefa 10,000, ya kai jika 25 zuwa 30 a watan Yuli. Buhu yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka, ke nan tiya ɗaya ta kai sefa 750, dala 150 a ƙirgen kasuwa. Gida mai mutum takwas yana bukatar tiya biyu a yini kafin a ce an ci tuwo an sha fura yadda aka saba. A ƙasar da kusan mutum shida cikin goma ba sa samun dalar Amurka ɗaya a rana, wadda a lokacin ta ɗan haura sefa 500, lissafin ba ya fita ko ta ina aka biyo masa. A daidai lokacin da gero ke hawa, abin da talaka zai sayar ya saya geron yana faɗuwa. Akuya ta rame, kowa ya kawo tasa kasuwa rana ɗaya, mai saye ya san ba ka da zaɓi. Makiyayi ya kai saniyar da ba ta iya tsayuwa, mahauta suka yi mata kuɗin wulaƙanci, wani lokaci bai kai na buhu ɗaya ba. Barema ma ta yi arha, domin masu neman aikin yini sun fi gonakin da ke ɗaukar su yawa.

Masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya yi suna ne da nuna cewa a yunwar Bengal ta 1943 abinci bai ƙare ba, ikon mallakarsa ne ya kuɓuce wa talakawa. Tsohuwar da ke Gidan Rumji ba ta bukatar a karanta mata wannan. Ta san hatsi yana kasuwa, ta gan shi da idonta ranar kasuwa, ta koma gida da ganyen jiga da anza. Anza kuwa sai an jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwan ɗacin kafin ta ciwu, kuma ba abincin yaron da aka yaye ba ce. Wasu har gidan tururuwa suka tona suna kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara.

Ya aka yi manomi ya zama mai sayen abin da ya noma? Wannan ya girmi 2005. Jama'a sun yi yawa a kudancin Maradi, gona kuwa ba ta haihuwa. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki, har ya zama wasu magidanta abin da suke girba ba ya kai su wata huɗu ko biyar ko da ruwa ya yi kyau. Hutun ƙasa ya ƙare, taki sai mai hali. Da kaka ta yi, bukatu suna tsaye a ƙofa: haraji, bashin damina, suna, aure, tufafin yara, magani. Duk da kuɗi ake biyansu, kuma abin da ke hannu mai zama kuɗi shi ne hatsi. Sai a sayar da shi a lokacin da ya fi arha a shekara. Da bazara rumbu ya yi ƙasa, da marka ya ƙare, sai a koma a sayo geron nan a lokacin da ya fi tsada, sau da yawa da bashin da za a biya da kaka mai zuwa. Wanda bashi ya yi wa yawa ya jinginar da gona, jingina kuma ta kan zarce sayarwa. Mai saye galibi ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci daga birni. Mai gonar jiya ya dawo ɗan barema a cikinta.

Wannan keken yana juyawa kowace shekara, ba ya jiran fari. MSF tana Maradi tun 2001, tana karɓar dubban yara masu tamowa a shekarun da ba wanda ya kira su shekarun yunwa. A lokacin, yaro ɗaya cikin huɗu a Nijar ba ya kai shekara biyar. Abin da 2005 ta yi shi ne ta ƙara wa kayan nauyi har igiya ta tsinke a fili, kowa ya gani.

Sai batun iyaka. Maradi da Katsina da Kano kasuwa ɗaya ce mai tutoci biyu. A shekarar da Nijar ta samu giɓi, hatsi kan hauro daga kasuwar Dawanau ta Kano, ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Mai'aduwa da Maigatari zuwa Damagaram. A kakar 2004 sai ruwa ya juya. Farashi a arewacin Najeriya ya fi na Nijar, saboda can ma kakar ba ta cika ba, ga gidajen kaji da masana'antu na neman masara da dawa, ga gwamnatin Najeriya ta matse shigo da wasu kayan abinci daga waje. Ɗan kasuwa ya duba inda riba take ya bi. Geron da aka saye da arha a ƙauyukan Maradi ya gangara kudu. Da Nijar ta juya neman hatsi a Burkina Faso da Mali, sai ta tarar su ma sun tare hanyar fitar da nasu, duk da yarjejeniyar cinikayya ba shinge da ƙasashen suka sanya wa hannu. Mutanen yankin sun san wannan ciwon tun da can. Yunwar 1984 a bakin mutanen Maradi sunanta El-Buhari, domin a shekarar ce gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, fari ya haɗu da rufaffiyar ƙofa.

A da akwai wanda aikinsa ne ya tsaya tsakanin talaka da irin wannan hawan farashi. An kafa ofishin hatsi na gwamnati, OPVN, a 1970 domin ya sayi hatsi da kaka ya ajiye, ya fito da shi idan ya yi tsada. Ba a ce ya yi aikin ba tare da ɓarna ba, an sha kuka da shi. A shekarun 1980, ƙarƙashin gyaran tattalin arzikin da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni suka gindaya, aka karɓe masa wannan aiki aka bar wa kasuwa, aka rage shi ya zama mai gadin ajiyar ko-ta-kwana. A takarda ajiyar ta kamata ta kai kwatankwacin tan 110,000, wani sashe hatsi, wani sashe kuɗi. A ƙarshen 2004 abin da ke ƙasa bai kai rabin haka ba. Duk yaron makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusuf da shekaru bakwai na wadata da bakwai na fari. Ƙasar da fari ke ziyarta duk 'yan shekaru ta shiga wannan shekarar da rumbunta kusan wayam.

Daga nan ne lamarin ya daina zama na ruwa da farashi, ya koma na mutanen da ke zaune a ofis da alƙalami a hannu. Ba a makance aka shiga ba. Tsarin gargaɗin gaggawa ya yi aikinsa: tun Nuwamba 2004 an san ƙauyuka fiye da 3,000 suna cikin haɗari, gwamnati ta nemi agajin tan 78,000 na hatsi, kusan ba wanda ya amsa. Wata guda bayan haka igiyar ruwan tsunami ta afka wa Asiya, hankalin masu bayarwa ya koma can. A gida kuma zaɓe ake yi, Shugaba Tandja Mamadou ya samu wa'adi na biyu a Disamba.

Shawarar da gwamnati da ƙasashe masu ba da agaji suka tsaya a kai, cikin tsarin da suke gudanarwa tare, ita ce a sayar da hatsi da rangwame, buhu a jika 10, kada a raba kyauta. Hujjarsu ba ta wauta ba ce, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Suka ce rabon kyauta yana karya farashi, manomin da ya yi noma ya yi asara, ɗan kasuwa ya daina shigo da kaya, mutane su saba da miƙa hannu, shekara mai zuwa a fi wannan shan wuya. An ga haka ya faru a wasu wurare. Amma hatsin rangwamen kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da bukata, ya kan iso gari a raba tiya-tiya ya ƙare kafin layi ya ƙare. Sannan wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe tun Afrilu, da jika 30 da jika 10 duk ɗaya ne a wurinsa. An yi wa mai aljihu sauƙi, an bar marar aljihu inda yake. Da damina ta kama aka ƙara da ba da hatsi bashi, a biya da kaka, ga mutanen da bashi ne ya kai su inda suke.

A cikin wannan halin ne kuma, a Janairu 2005, kasafin kuɗin shekara ya ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara, fulawa, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki, domin cika alkawarin ƙara kuɗin shiga da aka yi wa masu ba da bashi. Gaskiya harajin bai taɓa gero kai tsaye ba, ya fi cizon mutanen birni. Amma ya nuna inda hankalin hukuma yake. A watan Maris ƙawancen ƙungiyoyi masu yaƙi da tsadar rayuwa suka cika titunan Yamai, suka kira zaman gida, garuruwa suka mutu. Aka kama jagororinsu, cikinsu har da Nouhou Arzika da Marou Amadou da Moussa Tchangari. A Afrilu gwamnati ta ja da baya, ta janye harajin daga madara da fulawa. Mutanen birni sun yi ihu wata ɗaya an ji su. Matan Mayahi ba su da titin da za su tare.

MSF ta fara shelar cewa adadin yaran da ke zuwa mata ya wuce kima tun watannin farko na shekara, tana neman a raba abinci kyauta kuma a daina karɓar kuɗi a likita. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne: tun bayan shirin kiwon lafiya na Bamako na 1987, marar lafiya ke biyan kuɗin kati da magani a asibitin gwamnati, uwar da ba ta da na tiya kuwa ba ta da na kati. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, kuɗin da bai kai na gina otal ɗaya a wata ƙasar ba. Makonni suka shuɗe ba abin kirki. A farkon Yuli aka yi manyan bukukuwan kiɗa a biranen Turai da Amurka da sunan kawar da talaucin Afirka, shugabannin ƙasashe takwas masu arziki suka taru a Gleneagles ta Birtaniya suna maganar yafe bashi. Yunwar Nijar ba ta cikin bakin kowa.

Abin da ya buɗe lalitar duniya shi ne hoto. A tsakiyar Yuli gidan talabijin na BBC ya nuna yaran Maradi, cikin kwanaki kuɗin da aka yi wata takwas ana roƙo suka fara zuba, jirage suka fara sauka. Jan Egeland, mai kula da agajin gaggawa na Majalisar, ya ce da an amsa da wuri, dala ɗaya ta isa kare yaro daga tamowa, yanzu kuwa ceto ransa na cin dala 80. Aka ɗaga roƙon zuwa dala miliyan 81. A watan Agusta aka fara rabon kyauta ga mutane kusan miliyan 2.5, abin da aka ce ba zai yiwu ba a watan Maris. Kasuwa ba ta rushe ba. Daga Nuwamba zuwa Agusta wata tara ne, cikin mace guda.

A cikin Agustan nan ne Shugaba Tandja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasarsa, mutanen Nijar da ganinsu a ƙoshe suke, ya kuma zargi hukumomin agaji da 'yan adawa da kambama lamarin don neman kuɗi da siyasa. An yi masa ca a duniya. Ni dai ina ganin akwai abin fahimta a tsoronsa, ko da ba a yarda da maganarsa ba. Shi soja ne cikin waɗanda suka kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974, kuma yunwar wancan lokacin da yadda aka yi da hatsin agaji suna cikin dalilan da sojojin suka bayar. Ya san abin da kalmar nan ke yi wa kujera. Ga wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci da Yamai za ta karɓa a Disamba, ana ta gine-gine. Akwai kuma gaskiya a cikin haushinsa: masu kyamara ba su zo ba sai da yara suka zama abin kallo, kuma wasu masana na ƙasashen waje ma sun ce abin bai kai a kira shi babbar yunwa irin ta 1973 ko 1984 ba, tunda manya ba su faɗi suna mutuwa a hanya ba. Amma gardamar suna ta manya ce. Ko an kira ta yunwa, ko ƙarancin abinci, ko matsalar tamowa, awon hannun yaron bai canza ba.

To wa ke da alhaki? Bakin jama'a ya fi saurin zuwa kan 'yan kasuwa, an ce sun ɓoye hatsi a sito suna jiran ya yi tsada. Babu shakka an samu masu yin haka, kuma addinin da kusan kowa a Maradi ke bi bai bar wannan a duhu ba, hadisi ya tabbata cewa ba mai ɓoye abinci don ya yi tsada sai mai laifi. Amma binciken da aka yi kan kasuwannin hatsin Nijar bayan lamarin bai nuna cewa wasu 'yan tsiraru ne suka haɗa baki suka shaƙe ƙasar ba. Yawancin 'yan kasuwa ba sa riƙe kaya ya daɗe, suna saye su sayar su juya kuɗi, kuma farashin Maradi yana bin na Kano ne sau da ƙafa. Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da labarin mugun Alhaji mai sito. Da mugu ɗaya ne, da an kama shi an huta. Abin da ya faru shi ne kowa ya yi abin da ake kira daidai a sana'arsa. Ɗan kasuwa ya kai kaya inda aka fi biya. Burkina ta tsare hatsinta don 'ya'yanta. Ma'aikacin Asusun Lamuni ya nemi kasafi ya daidaita. Mai ba da agaji ya kare kasuwa daga lalacewa. Shugaba ya kare mutuncin ƙasa. Ba wanda ya karya doka, ba wanda ya yi niyyar kisa, kuma kowanne zai iya kwana da hujjarsa. Yaron da ke goye ne kaɗai ba shi da wata hujja, ba shi da kuma abin da kasuwa ke ji, wato kuɗi.

Malamai na iya cewa ai Manzon Allah ya ƙi ƙayyade farashi a Madina da aka roƙe shi. Haka ne. Amma al'ummar da ta ƙi taɓa farashi ita ce ta wajabta zakka, ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, ta kuma ce ba mumini ba ne wanda ya kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na jin yunwa a gefensa yana sane. A shekarar toka, zamanin Sayyidina Umar, bai tsaya jiran kasuwa ta gyara kanta ba. Ya aika wa gwamnoni, har Amru ɗan Asi a Masar, su turo ayarin abinci, ya kafa tukwane ana ciyar da mutane, ya dakatar da haddin sata, ya haramta wa kansa mai da nama har jama'a su samu. An bar kasuwa ta yi aikinta, amma ba a taɓa ɗora mata aikin raya wanda ba shi da ko sisi ba. A 2005 an ɗauki rabin farko na wannan tsari aka bar rabi na biyu. Zakkar kaka kuwa, a yadda ake fitar da ita a ƙauyuka da yawa, dami ne da ake miƙa wa malami ko dangi a watan da kowa ke da hatsi. Ba ta kai marka. An samu attajirai da ƙungiyoyin addini da ƙasashen Larabawa da jihohin arewacin Najeriya da suka kawo taimako a shekarar, ba a raina ba, amma kyauta ce ta ganin dama, ba tsari ba.

Akwai wani sashe na lamarin da ba a son taɓawa, domin yana cikin gida. A ƙauyuka da dama na Maradi, da ƙasa ta yi ƙaranci, gamanar da ake yanka wa mace ta noma abin kanta ita ce ta fara tafiya. Mace ta rasa gona, ta rasa ɗan rumbunta, ciyar da yara kuwa yana wuyanta. An ba da labarin magidanta da ke kulle babban rumbu su tafi cin rani Najeriya, ba za a buɗe ba sai sun dawo noma. 'Yan jaridar waje sun ɗauki wannan sun yi ta yayatawa, har ya zama kamar mazan Hausawa ne suka kashe 'ya'yansu, wanda hanya ce mai sauƙi ta wanke hannun kowa. Mai kulle rumbu yana da nasa lissafin: in aka cinye da rani, da me za a yi noma da damina, ina iri? Talauci ne ya sa shi zaɓi tsakanin yau da gobe. Amma duk da haka ba za a ɓoye ba, a cikin gida ma akwai mai iko da rumbu da marar iko, kuma wanda ya fi kowa rauni, yaron da aka yaye da kunun gero tsurarsa saboda wani cikin ya shiga, shi ne a ƙarshen layi. Yadda ƙasa ta kasa abincinta, haka gida ya kasa nasa.

An koyi wasu abubuwa. A Maradi ne aka nuna wa duniya cewa ana iya jinyar dubban yara masu tamowa a gidajen iyayensu da ƙullin gyaɗa da madara mai suna Plumpy'nut, ba sai an kwantar da kowa ba, kuma fiye da tara cikin goma suka warke. Akwai abin mamaki a nan: gyaɗa, amfanin gonar da ya gina Maradi, ta dawo daga wata masana'anta a Faransa cikin leda a matsayin magani. A 2006 gwamnati ta ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, mutuwar yara kuma ta ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Amma haushin bai huce ba, a 2008 hukuma ta dakatar da reshen Faransa na MSF daga aiki a Maradi, har ya tattara ya bar wurin. Sai bayan da sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da Tandja a Fabrairu 2010 ne hukuma ta fito fili ta ce ana yunwa, a shekarar da kusan rabin ƙasar ke cikin bukata.

Daminar 2005 kanta ta yi kyau. Ruwa ya sauka yadda ake so, gero ya yi zangarniya, a watan Oktoba aka ce ƙasa ta samu rara, masu kyamara suka naɗe wayoyinsu suka tafi. A masussuka kuwa masu bin bashi sun riga masu gona zuwa. Wanda ya ci buhu ɗaya a watan Yuli lokacin yana jika 30, da kuɗi aka rubuta masa, yanzu da farashi ya faɗi sai ya auna buhu biyu ko uku kafin ya fita. Wanda ya yi damina yana barema a gonar wani don ya samu tiyar yini, tasa gonar ciyawa ta cinye rabi. Akuyoyin da za a sayar a rufe wani ramin sun tafi tun bazara. Buhunan suka hau amalanke, suka hau mota, suka koma sito a Maradi da Tasawa. A ranar 7 ga Disamba aka buɗe wasannin a Yamai. Kafin watan Afrilu na 2006, layin mata masu goyo ya sake kafuwa a ƙofar cibiyoyin tamowa.